Neman kalmar Hausa: me za mu kira espèce da genre?

Ƴan uwa malaman kimiyyar halittu na Maraɗi, ina neman mu tsai da magana kan sunayen matakan da ake bi wajen rarraba masu rai, domin a rubuce-rubucenmu jinsi da nau'i da iri sun zama kamar kalma ɗaya, kowa yana ɗaukar wadda ta fara zo masa a baki.

Tsarin ya samo tushe daga Carl Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya fara buga littafinsa Systema Naturae a 1735. Matakan sama ba su da wuya. Daga sunayensu na Faransanci, ina ganin règne ya zama masarauta, embranchement reshe, classe aji, ordre sahu, famille kuma dangi. Matakin da Carl Woese ya ɗora bisa masarauta a 1990 sai mu ce masa daula. Dangi ya zauna daidai, tun da gyaɗa da wake da gawo, duk da bambancin girmansu, danginsu ɗaya ne, Fabaceae, kuma wanda ya dubi kwanson ƴaƴansu zai ga kamar.

Gardamar tana ƙasa, kan genre da ke ƙarƙashin dangi, da espèce da ke ƙarƙashin genre. Wasu suna son a kira espèce iri, amma ni ban yarda ba, saboda manomi ya riga mu kama wannan kalma. Idan ya ce ya shuka zango, maƙwabcinsa kuma ya shuka HKP da aka samo daga cibiyar binciken noma ta INRAN, iri biyu yake nufi, alhali duka gero ne. Haka jar akuyar Maraɗi: iri ce dabam da akuyar Sahel mai dogayen ƙafafu, amma suna barbara su haifi ƴaƴan da su ma za su haihu, shi ya sa sunansu na kimiyya ɗaya ne, Capra hircus. Saboda haka a bar iri a matakin da ke ƙarƙashin espèce, shi kuwa espèce a kira shi jinsi. Gaskiya ne jinsi yana nufin namiji ko mace a wani wurin, sai dai jimla tana raba gardama, kuma mun saba cewa jinsin ɗan Adam.

Genre shi ne ya fi ba da wahala, kuma shawarata ita ce gida. Doki da jaki gidansu ɗaya, Equus, amma jinsinsu dabam. Idan jaki ya hau goɗiya ana samun alfadari, wanda kusan kullum ba ya haihuwa. Da haka ɗalibi zai gane sunan kimiyya nan take: kalmar farko sunan gida ce, ta biyu kuma tana ware jinsi a cikin gidan.

Wani malamin sakandare ya kawo zuri'a a madadin gida. Kalma ce mai kyau, amma ta yi kusa da dangi, har ɗalibi zai iya rasa wanne ne sama. Masu koyarwa a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, musamman na fannin noma, muna jiran hukuncinku kan gida da sahu.