Idan kamfanin dillancin aiki ne ke rubuta maka takardar neman biya

Jama'a, ga abin da na tsinto daga muhawarar da ƴan uwa masu aikin kwantiragi a nan Sakkwato suka yi.

1. Kusan kowa ya yarda akwai sauƙi. Ka tura awannin aikinka, kamfani ya rubuta takardar da kansa, kuɗi su shigo ba tare da kai-komo ba.

2. Masu aiki da kamfanonin Ingila sun tunatar cewa hukumar harajin can, HMRC, tana buƙatar yarjejeniya a rubuce tsakaninka da kamfanin. In ka sa hannu, ka daina fitar da taka takardar harajin VAT kan wannan aiki, kuma in lambar harajinka ta canza, dole ka sanar da kamfanin.

3. A nan aka rabu. Wasu sun ce wuƙa da nama sun koma hannun kamfani: in ya rage awanni ko ya yi kuskuren lissafi, kai za ka yi ta bi. Wasu suka ce wanda ke duba kowace takarda ba ya asara. Ni dai na fi karkata ga na farko.

4. Ajiye naka lissafin daban. Wannan babu wanda ya musa.