Neman shawara kan ruwan tafkin karfasa

Assalamu alaikum. Ina kiwon karfasa a tafkin ƙasa da nake cikawa da ruwan burtsatse, kuma mako 2 ke nan kullum da asuba nake tarar da kifayen a saman ruwa suna haki, sai rana ta ɗaga su nutse. Ruwan ya yi kore shar, har tafin hannuna yakan ɓace kafin ruwa ya kai gwiwar hannu. Takardar gwajin pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, tana nuna 7 da safe, 9 da la'asar. Na rage abinci, na sauya sulusin ruwan, amma jiya na tsame matattu 11. Shin ƙarancin iskar shaƙa ne ko amoniya, wato gubar da ke taruwa a ruwa daga kashin kifi da ragowar abinci? Don Allah, wane gwaji ya kamata in fara, kuma a wane lokaci?