Haɗa kwamfutar gem ta farko da kuɗi kaɗan: kowa ya faɗi yadda ta kaya masa

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata takwas ina zubin adashe daga abin da nake samu a shagon ɗinkin yayana, yanzu na haɗa naira 500,000. Burina in haɗa kwamfutar da zan buga eFootball da GTA V ba tare da tana sarƙewa ba. Sau biyu ina shiga kasuwa, kowane mai shago da tasa maganar, har kaina ya ɗaure. Don Allah wanda ya taɓa haɗa tasa da hannunsa ya faɗa min abin da ya saya da abin da ya same shi.

Na Samaru:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin kowa ya kawo maka zancen katin girafik, wato ɓangaren da ke zana hoton wasa a allo, bari in fara da abin da ya ƙona ni. A 2022 na sayi katin girafik RX 580 mai 8GB na hannu, na sayi furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) da madabod (babban faifan da ake ɗaure komai a kai), sai kuɗi suka ƙare saura fawa saflai, akwatin da ke raba wa kayan wuta. Mai shago ya ɗauko min wata marar suna, an rubuta 650W a jikinta, da na ɗaga ta sai na ji ta sakayau kamar gwangwanin madara. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma ɗoki ya hana ni haƙurin wata guda.

Sati uku ta yi. Wani dare ina tsakiyar wasa aka ɗauke wuta, ba a yi minti ɗaya ba aka dawo da ita da ƙarfi. Na ji "fas!", sai ƙaurin roba ya cika ɗakin. Da safe na buɗe, na tarar da baƙin tabo a gefen madabod inda babbar wayar wuta take shiga. Madabod ta tafi, SSD, ma'ajiyar fayiloli, ta tafi da duk aikin makarantata a ciki. RX 580 shi kaɗai yana jan wuta wajen wat 185, abin da ƙaramar fawa saflai ta bogi ba za ta daɗe tana ɗauka ba.

Don haka ka fara ware kuɗin fawa saflai ta kamfanin da aka sani, sabuwa a kwalinta, 500W ko 550W mai tambarin 80 Plus Bronze. Ka haɗa da UPS, in bai samu ba ko sitabilaiza ce. Wanda ya haɗa kwamfuta a ƙasar nan bai yi tanadin wuta ba, ya yi gini ne a kan rairayi.

Ɗan Barnawa:
Gaskiya ya faɗa maka. Ni da kuɗina ba su kai ba, ban sayi kati ba sam. Furosesa Ryzen 5 5600G na ɗauka, don girafik ɗinsa a cikinsa yake. Da shi na shekara ina buga GTA V da eFootball, na dai rage saitin. Amma ka kula da RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita: na fara da sanda ɗaya mai 8GB, wasa yana ta cijewa. Ranar da na ƙara ta biyu irinta suka zama 16GB, sai ka ce wata kwamfutar aka sauya min. Dalili kuwa, wannan girafik ɗin ba shi da ma'ajiya tasa, daga RAM yake ara, kuma sanda biyu hanya biyu ce.

Abu ɗaya ya tayar min da hankali. Madabod B450 na saya, na gama ɗaure komai, na kunna, fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin. Ashe tsohon BIOS ne a kanta, wato manhajar da ke tayar da madabod, bai san furosesan Ryzen 5000 irin nawa ba. Sai da wani mai gyara ya sa tsohon furosesa ya sabunta shi. Ka sa a haɗa maka su a kunna a gabanka kafin ka biya. Bara na samu hali na ƙara katin RX 6600, ban canja komai ba.

Baƙon Legas:
Tawa gajeriya ce. Furosesan Intel Core i3-12100F na saya da niyyar kati ya biyo baya, ban san harafin F yana nufin babu girafik a ciki ba. Wata biyu kwamfutar na ajiye a lulluɓe. Haka ma Ryzen 5 5600 marar G. Sannan madabod ɗin wannan zangon na Intel akwai mai karɓar RAM irin DDR4 akwai mai DDR5, kuma ɗaya ba ta shiga ramin ɗaya.

Yayar Abba:
Ni ƙanena na saya wa, da ya gama sakandare. An ba mu shawarar tsohuwar kwamfutar ofis, a ƙara mata kati. Araha kam akwai, sai dai tamu siririya ce, katin da muka fara saya ya ƙi shiga, murfin ma bai rufu ba, kuma fawa saflai ɗinta ba ta da wayar da katin yake buƙata. Na ga yadda jikin yaron ya yi sanyi, abin ya taɓa ni. Daga baya muka musanya da GTX 1650 ɗan gajere, wanda wat 75 na madabod ya ishe shi. In za ka bi wannan hanyar ka duba zangon furosesan: Windows 11 daga zango na 8 na Intel take karɓa, ita kuwa Windows 10 an daina tallafa mata tun Oktoban 2025.

Na Samaru:
Na manta zancen katin hannu. Tun Satumban 2022 da Ethereum, wani kuɗin kirifto, ta daina amfani da katin girafik wajen haƙar kuɗin, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwa. Ba duka ne suka lalace ba, nawa ma ya tsira daga gobarar nan. Amma ka tafi da manhajojin gwaji GPU-Z da FurMark a filashi. Na farko zai tona katin bogi, irin tsohon da ake canja wa suna ya koma GTX 1050 Ti. Na biyun kuma ka bar shi ya gasa katin minti 20. In ka ga ɗige-ɗige a allo ko ya mutu, ka ajiye musu kayansu. Mai shagon da ya hana ka gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Ɗan Damagaram:
Mu nan ƙura ce da zafi. Na sayi gida mai gilashi gaba da gefe don kyan fitilu, da Afrilu ta zo sai kwamfutar ta riƙa kashe kanta da rana tsaka. Da na cire fankar furosesa, ƙurar hunturu ta daskare a tsakanin ƙarafan kamar auduga. Gida mai raga a gaba na koma, na ɗauke ta daga ƙasa na ɗora kan tebur, duk wata ina hure ta da bulowa. Kuɗin fitilun nan gara a ce SSD mai 512GB na ƙara da su, don GTA V kaɗai ya kusa cinye 100GB.

Ɗan Kurna:
Allah Ya saka muku da alheri, wallahi da kati zan fara kai kuɗina. Yanzu na tsayar da 5600G, RAM sanda biyu, SSD 512GB, fawa saflai sabuwa da UPS. Monita fa? Akwai talabijin mai HDMI a ɗakinmu, zai yi kafin in tara?

Ɗan Barnawa:
Zai yi, da shi na fara. Ka tabbatar madabod ɗin tana da ramin HDMI a bayanta, sannan ka shiga saitin talabijin ɗin ka kunna Game Mode, in ba haka ba za ka danna fasin sai ƙwallo ta makara.