Na tsinci gatarin aradu a gonarmu, wa ya sassaƙa shi?

Ɗan Gumau:
Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya, washegarin ruwan nan mai ƙarfi, na je duba masara a gonarmu ta bayan dutse, can wajen Gumau a ƙaramar hukumar Toro. Ruwa ya yanka ɗan kwazazzabo a gefen gonar, a cikinsa na hango wani baƙin dutse yana ƙyalli. Tsawonsa bai wuce tafin hannuna ba. Gindinsa siriri ne, bakinsa da faɗi, an goge shi ta fuska biyu har ya yi kaifi kamar bakin gizago. Santsi kuwa sai ka ce sabulun da aka daɗe ana wanka da shi. Da na riƙe shi sai ya zauna daram a hannuna.

Na kai wa Kaka. Tana gani ta ce in ajiye shi maza, gatarin aradu ne, daga sama yake faɗowa tare da tsawa. Ta ce a zamaninsu in aradu ta faɗa wa bishiya, nono ake zubawa a wurin. Ban yi mata musu ba, ba na iya yi. Amma akwai wani ɗan wuri da ya ɓalle a bakinsa, daidai irin ɓallewar da gatarina ke yi in ya haɗu da kututture mai tauri. Tun ranar zuciyata ke gaya mini wani ya taɓa sara da shi. Don Allah masu sani, wane ne? Tun yaushe?

Malamar tarihi, Azare:
Wa alaikumus salam ƙanena. Zuciyarka ta faɗa maka gaskiya, aikin hannun ɗan Adam ne. Kafin mutane su san narka tama, da dutse suke sare daji. Mutum zai nemi dutse mai tauri, ya yi ta ɓalle gefunansa da wani dutsen har siffar ta fito, sannan ya zauna a kan fa da yashi da ruwa yana gogawa, kwana da kwanaki, sai baki ya yi kaifi. Daga nan ya huda ƙota ya cusa siririn gindin nan da ka gani.

Kada ka ga laifin Kaka. Yarbawa suna danganta irin waɗannan duwatsu da Shango, abin bautarsu na tsawa, a Turai ma an yi ɗaruruwan shekaru ana cewa tsawa ce ke jefo su. Dalilin ɗaya ne ko'ina: bayan ruwa mai tsawa ake tsintarsu, domin ruwan ne ke kwashe ƙasar da ta rufe su, kamar yadda ya faru a gonarku.

Shekarunsa ne abu mai wuya. Awon da masana ke yi da sinadarin kabon yana aiki ne kan abin da ya taɓa rayuwa, kamar gawayi, ƙashi ko itace. Dutse kuwa sai a duba gawayin da ke kwance tare da shi a ƙasa. Kuma ba a daina gatarin dutse rana ɗaya ba. Mutanen Nok, wata tsohuwar al'umma ta tsakiyar Najeriya, sun yi amfani da shi, alhali an samu murhunan narka ƙarfe na zamaninsu a Taruga kusa da Abuja, masu shekara kusan 2,500. Ga kuma zanen dabbobi a duwatsun Geji, nan cikin ƙaramar hukumarku. Yankinku tsohon mazauni ne ƙwarai.

Baba na Kumo:
Ɗana, ni abin da ya sa na yarda da ƙarfin irin wannan gatari shi ne kwalekwalen Dufuna. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a Dufuna, ƙaramar hukumar Fune ta Yobe, ya ci karo da itace a zurfin kamar mita 5. Sai a 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Farankfot a Jamus suka fito da shi. Tsawonsa ya haura mita 8, daga gungume ɗaya na maɗaci, shekarunsa kusan 8,000. Lokacin babu ƙarfe a ko'ina a duniya da ake sassaƙa da shi. Na ga hotonsa, goshinsa a fiƙe, gefunansa sirara. Ni da na yi shekaru ina sayen turmi a hannun masassaƙa, na san wahalar rarake maɗaci ko da gizagon ƙarfe, balle da dutse.

Shawarata, ka hau duwatsun da ke kusa da gonar ka duba. In ka ga wasu dogayen kwarmi masu santsi a jikin fa, ba zagayayyu irin na niƙa ba, to wataƙila a nan aka wasa shi.

Mai shago a Wunti:
Malam, kada ka bari wani ya zo maka da maganar saye. Akwai masu bin ƙauyuka suna kwasar irin waɗannan, kuma doka ta hana fitar da kayan tarihi waje ba da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ba. Jos ba nisa daga gare ku, gidan tarihinta tun 1952 yake. Ka kai musu su gani.

Ɗan Gumau:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, kin warware mini abin da ya hana ni barci. Baba, na bi maganarka jiya da la'asar, na hau fan da ke gabas da gonar. Na samu kwarmi uku jere da juna, ciyawa ta rufe biyu. Na share ɗaya na ɗora dutsen a ciki, bakinsa ya bi kwarmin sumul. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na daɗe zaune a wurin ina kallon masarar, ina tunanin mutumin da ya durƙusa a nan da ƙwaryar ruwa a gefensa.

Na kafa turke a inda na tsince shi, na kuma hana yara tona wurin. A bangon kwazazzabon, kamar kamu biyu daga sama, akwai wani baƙin layi mai kama da gawayi da 'yan gutsattsarin fasassun tukwane. Ban taɓa ba. Malama, in ɗauki hoto kawai in tafi da shi Jos, ko in rufe wurin da buhu kafin wani ruwan ya sauko?