An tallata mini fili kusa da teku a bayan Ajah, wai da gaske ruwa zai cinye wurin?

Mai Tsiren Obalende:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, don abin nan ya hana ni barci kwana biyu.

Ni mutumin Ɗanbatta ne, na sauka Legas a 1998, lokacin mahaifina ma Ikko yake ce mata. Shekaruna na farko a bakin tekun Bar Beach na yi su, ina tsaron tukubar maigidana. Wanda ya san wurin ya san abin da nake faɗa: masu dawakai na ɗaukar yara, masu fararen riguna na addu'a a kan yashi, mu kuma muna fifita wuta iska na kwashe hayaƙin. Sau biyu na ga teku ya taso cikin dare ya tsallake yashin ya hau titin Ahmadu Bello. Na biyun, da gari ya waye, a ƙofar wani ofis muka tsinci bencinmu, ƙafa ɗaya babu. Yau wurin ma babu shi, an cike da yashi an kafa sabuwar unguwar Eko Atlantic.

Tun daga lokacin haya nake biya. Da adashi da ɗan abin da Allah ya hore na tara wani abu, sai wani dillali ya kawo mini tallan rabin fuloti a bayan Ajah, ta ɓangaren teku. Daga filin zuwa bakin ruwa tafiyar minti goma ce a ƙafa. Kuɗinsa bai kai rabin na waɗanda ke kusa da babban titi ba. Mun je gani a watan Janairu, wuri a bushe ƙarau, farin yashi, ga itatuwan kwakwa, ga iska. Uwargida har ta nuna inda za a yi kicin.

To ɗana da ke aji biyar a sakandare shi ya ɓata mana lissafi. Wai an koya musu ƙanƙarar ƙarshen duniya na narkewa, teku na ƙaruwa, irin waɗannan wuraren su ne za su fara tafiya. Na ce masa kai yaro, ni kullum sai na sayi bulo biyu na ƙanƙara na jefa a kular lemo, ruwa har kusa da baki, ta narke tas, ban taɓa ganin ɗigo ɗaya ya zubo ba. Ya yi shiru. Amma ni ma da na rufe masa baki, zuciyata ba ta kwanta ba, saboda bencin nan na tuna. Masu ilimin abin, ku fitar da ni daga duhu: in saya, ko in kai kuɗina gida in yi ɗaki biyu?

Direban Tanka, Apapa:

Wa alaikumus salam. Alhaji, ka bar zancen ƙanƙarar Turawa, abin da ke cin mu a garin nan kwata ce. Ka leƙa kowace lambatu daga Ijora zuwa Apapa ka gani: ledar ruwa, gorar lemo, fararen robobin abinci, har katifa na taɓa gani. Ai shi ya sa gwamnatin jiha ta haramta robobin nan a Janairun 2024. A Yulin shekarar ruwan sama ya tsare ni a Iyana Oworo tun safe, ƙananan motoci ruwa har gilashi, kuma ba teku ne ya zo ba, daga sama ya sauko ya rasa hanyar wucewa. Ni a ganina omonile, wato 'yan gari masu iƙirarin gadon filaye, ya kamata ka ji tsoro. Fili ɗaya sai su sayar wa mutum uku, ka kawo bulo su ce sai ka biya, ka zo rufi su dawo. Ka tabbatar da takarda kafin komai.

Malamin Labarin Ƙasa, Agege:

Alhaji, kai da ɗanka duk kun yi gaskiya, kowa ya kama gefe guda ne. Mu koma kan kular taka. Ka lura da kyau gobe: ruwan ba lokacin narkewa yake tashi ba, lokacin da ka jefa bulon ciki ne. Da zarar ƙanƙara ta hau kan ruwa tana yawo, ta riga ta karɓi wurinta, narkewarta ba ta ƙara komai a zo a gani. Haka ƙanƙarar da ke yawo a kan tekun ƙuryar arewacin duniya take. Matsalar tana ga wadda ke zaune a kan tudu, wato ta tsibirin Girinlan, da ta nahiyar Antatika a ƙuryar kudu, da ta kan manyan duwatsu. Wannan ba ta cikin kula tukuna, tana kan tebur. Duk abin da ya narke ya gangara, ko ya ɓalle ya faɗa teku, sabon bulo ne aka jefa. Ta Girinlan kaɗai, da a ce za ta narke gaba ɗaya, za ta ɗaga tekun duniya da kimanin mita 7. Ta Antatika kuwa kusan mita 58. Kada wannan ya tsorata ka, ba aikin shekara ɗari ba ne, na faɗa ne don ka san girman abin da ke kan teburin.

Akwai kuma hanya ta biyu da ba ruwanta da ƙanƙara. Ka cika butar shayi har baki da ruwan sanyi ka ɗora a wuta, za ka ga ta fara tsiyaya tun kafin ta tafasa. Ruwa in ya yi ɗumi kumbura yake yi. Hayaƙin fetur da gas da kwal da ake ƙonawa yana tare zafi a sararin sama, teku kuma shi ke shanye mafi yawan zafin.

Adadin fa? Rahoton 2021 na IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, ya ce daga 1901 zuwa 2018 teku ya tashi da kimanin santimita 20, tsawon tafin hannunka kenan daga wuyan hannu zuwa kan yatsa. Za ka ce shi kenan? Abin dubawa shi ne gudun. Kafin 1971 milimita 1.3 yake ƙaruwa a shekara, daga 2006 zuwa 2018 ya kai 3.7. Zuwa 2100 hasashensu ya kama daga kusan santimita 30 zuwa mita ɗaya, ya danganta da yawan hayaƙin da duniya ta ci gaba da fitarwa. A Kano tafin hannu ɗaya ba komai ba ne. A bakin ruwan Lekki, inda ƙasa take shimfiɗe kamar faranti, tafin hannu ɗaya a tsaye yana iya zama taku da yawa a kwance.

Sannan ita Legas tana da nata ciwon. Bar Beach ɗin da ka sani, tun zamanin Turawa aka fara cin ta. Tsakanin 1908 da 1912 suka jera duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa don kada yashi ya toshe ta. Igiyar ruwa a gaɓar nan daga yamma take kwaso yashi zuwa gabas, sai duwatsun suka tare shi a gefen yamma, gefen Bar Beach ya zama ana ɗiba ba a mayarwa. Ga masu haƙar yashi a lagun, wato babban tafkin nan na Legas, ga fadamun da a da suke shanye ruwa an cike su an yi gidaje, ga rijiyar burtsatse a kowane gida. In ana zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa, ƙasar kan zauna a hankali. Abin da ya sami Jakarta kenan, har yana cikin dalilan da suka sa Indunusiya ta fara gina sabon babban birni.

Shi ya sa ban yarda da ɗan'uwana direba gaba ɗaya ba. Kwatar da ka ambata, ina take juye ruwanta? A lagun. Lagun kuma haɗe yake da teku. In teku ya cika a daidai lokacin da ake sheƙa ruwan sama, ko ka share kwatar fes ruwan ba shi da wurin zuwa, wani lokaci ma baya yake dawowa.

Shawarata, Alhaji, filin da ka gani a Janairu ba ka gan shi ba. Ka koma a Yuni ko Yuli, washegarin ruwa mai ƙarfi, in da hali ya dace da 14 ko 15 ga watan Musulunci ko tsayuwar sabon wata, don a lokacin cikar teku ta fi yawa.

Hajiya Mai Kayan Gwari, Mile 12:

Malam, Allah ya ƙara ilimi. Alhaji, ka gaya wa uwargidan taka in ji ni, ta bar zancen kicin tukuna. Ni ma araha ce ta ja ni, na kama gida a Agiliti. Mu namu ba teku ba ne, kogin Ogun ne, in an saki ruwan dam daga sama wajen ƙarshen damina sai ya zo mana ba sallama, rana tsaka, ko hadari babu. Wata shekara sai da na ɗora gadona a kan bulo huɗu huɗu, yara na tafiya makaranta a kwalekwale, buhun shinkafata ya jiƙe ya tsiro. Abin da ya fi ƙona mini rai, ranar da na fara zuwa ganin gidan akwai wani layi baƙi-baƙi a jikin katangar maƙwabta, daidai ƙuguna. Na gan shi da idona, na ɗauka datti ne.

To in ka je, bar kallon filin, kalli katangun da ke kewaye. Ka duba gansakuka, ka duba tsawon dandamalin gidajen da suka daɗe. Ka roƙi ruwan rijiya ka ɗanɗana, in ka ji gishiri-gishiri ka san wanda ke ƙarƙashinka. Kuma kada ka tambayi dillali komai, ka nemi tsohuwa mai kifi.

Sai dai gidan ma da kake cewa, ba a tsira ba. Masu kawo mana tumatir da attaruhu kullum kukansu ɗaya, ruwa ya makara, in ya zo kuma ya zo da hauka. Ka ga abin da ya sami Maiduguri a Satumbar 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle. Ko a Ɗanbattan ka nemi tudu.

Tsohon Mai Gadi, Lekki:

Ƙanena, shekara tara na yi gadi a Okun Alfa, inda ake ce wa Alpha Beach. Da na fara aiki, tsakanin ƙofar da nake tsaro da ruwa akwai layin rumfuna, akwai hanyar mota, akwai kwakwa jere. Rumfunan suka fara tafiya, sai hanyar, sai kwakwar suka riƙa kifewa ɗaya bayan ɗaya saiwarsu a waje. Ba a dare ɗaya ba. Kowace damina sai ya ɗan gutsura, in rani ya zo kowa ya ce ai ya tsaya. Na bar wurin ne a shekarar da na fara jin feshin gishiri a fuskata ina kwance a ɗakin gadi. Kwanon rufi a can ba ya shekara uku bai yi tsatsa ba, wannan ma ka sa a lissafinka. Minti goma da ka ce, da tafiyar wa aka auna?

Mai Tsiren Obalende:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Malam, jiya da yamma na sa yaron ya yi wa kular alama da biro kafin in jefa ƙanƙarar, ruwa ya haura alamar da yatsa uku. Tun jiyan yake mini wani irin kallo, na ce ya tafi ya yanka albasa.

Yaya mai gadi, dillalin ne ya ce minti goma, ni ban taka ba, a kan babur muka je. Na kira shi ɗazu na ce sai Yuli zan sake zuwa gani. Ya ce kafin nan wani ya saye, akwai mutum biyu a layi. Na ce to Allah ya ba mai rabo sa'a. Bai yi minti biyar ba ya sake kira, wai mai filin ya yarda a rage mini wani abu in zan biya cikin makon nan. Hajiya, in na je ɗin, ruwan rijiyar da safe ake ɗanɗanawa ko kowane lokaci ma ya yi?