Kwas ɗin CNA a Amurka, don Allah a ba ni haske

Sabuwar zuwa: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina son shiga kwas ɗin mataimakiyar nas, wato CNA, amma yara biyu gareni kuma turancina bai nuna sosai ba, wata nawa ake yi, akwai wuya ne?

Maman Biyu: Wa alaikumus salam ƙanwata. Dokar tarayya awa 75 ta sa mafi ƙaranci, 16 a ciki na koyon aiki da hannu, amma kowace jiha da nata, Kalifoniya 160 ne. Jarabawa kashi biyu ce, ta rubutu da ta gwaji a gaban mai dubawa, wanke hannu, auna bugun jini, juya mara lafiya a gado. Wallahi wanke hannun nan kar ki raina shi, ni a kansa na faɗi karon farko saboda na taɓa famfo bayan na gama.

Yayan kowa: Kafin ki biya ko sisi tambayi gidajen kula da tsofaffi, in sun ɗauke ki aiki su doka ta ɗora wa kuɗin horon. Ki dai lallaɓa bayanki wajen ɗaga mutane.

Sabuwar zuwa: Allah saka da alheri. Aunty ana yin aji da dare kuwa?