Abokina zai shiga zuhudu na wata uku a Tailan, in je bikin ko in ba da uzuri?

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ina karatu a birnin Chiang Mai na ƙasar Tailan, akwai wani ɗan ajinmu ɗan ƙasar, wlh tun zuwana shi ke min komai har gidan haya shi ya nemo min, to yanzu ya ce zai aske kai ya shiga sahun masu zuhudun Budda na wata uku kuma mamarsa da kanta ta ce lallai in zo ƙauyensu bikin. Ni ban ma san me ake yi a wurin ba, ina tsoron in je a ce in yi sujada ga mutum-mutumi, in ƙi zuwa kuma su ga kamar na raina su. Ya zan yi?

Hajiyar Bangkok:
Wa alaikumus salam ƙanena. Wannan al'ada ce babba a wurinsu, namiji in ya kai shekara 20 yakan shiga na ɗan lokaci, wasu sati biyu wasu duk daminar nan ta wata uku da suke kira fansa, daga baya ya fito ya ci gaba da harkarsa har ya yi aure. A imaninsu ladan iyaye yake zuwa musamman uwa, shi ya sa ka ga mamar ce ta matsa maka. Za a aske masa kai har da gira, ya sa fararen kaya, a zaga ɗakin ibadar sau uku da kiɗa da rawa, ya watsa sulalla yara suna wawa, sai a shiga ciki a ba shi mayafin nan mai ruwan goro. Kai dai tsaya a waje wajen 'yan kallo, ba mai tilasta maka durƙuso, sun saba da musulmi ai, lardunan Pattani da Yala da Narathiwat a kudancin ƙasar ma yawancin mutanensu musulmi ne.

Ɗan Kantin Kwari:
Malam ni dai a ganina ka tambayi malami tukun kafin ka taka wurin bautar wasu. Ba don komai ba, don zuciyarka ta natsu.

Tsohon ɗalibin Indiya:
Gaskiyar Alhaji ce ka tambaya, amma ka je wa malamin da cikakken bayani. Su 'yan Tirabada, wato reshen da ake bi a Tailan da Sirilanka da Bama (Myanmar), ba su ɗauki Budda mahalicci ba, mutum ne sunansa Siddata Gotama, an haife shi a Lumbini cikin Nepal ta yanzu ɗaruruwan shekaru kafin Annabi Isa (AS). Karantarwarsa ita ce rayuwa cike take da dukka wato wahala da rashin gamsuwa, tushenta kwaɗayi, kuma ana iya kashe kwaɗayin a kai ga nibbana, wato mutum ya daina mutuwa ana sake haihuwarsa kamar yadda suka yi imani. Mabiyi na gari dokoki 5 yake riƙewa, kar ya kashe mai rai, kar ya yi sata, ban da zina, ban da ƙarya, ban da kayan maye. Shi kuwa abokinka da zarar ya sa mayafin dokoki 227 ne a kansa, ko abinci ba zai ci ba in rana ta raba, da asuba zai fita ba takalmi da ƙwaryarsa mutane suna zuba masa shinkafa. Aƙida kam mun sha bamban nesa ba kusa ba, wannan ba a ɓoye yake ba.

Hajiyar Bangkok:
Na manta, in ka zauna kar ka miƙe ƙafa ta kalli mutum-mutumin ko masu zuhudun, babban raini ne, kuma kar ka shafa masa kai da wasa don ka ga ƙwal. Sannan ka kula da abincin walimar, alade ya yi yawa a girkinsu kuma da dare wasu har giya ake sha duk da dokar addininsu ta hana, ka faɗa wa mamar tun yanzu.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai Hajiya, Allah ya saka. Gobe bayan Juma'a zan samu limaminmu, in ya ce ba laifi sai in je da safe a yi askin da zagayen a gabana in juyo kafin walimar dare.